Kogi Ɗaya, Jihohi Shida: Yadda Aka Zauna A Kan Ruwan Haɗeja Da Komadugu

Jawabin da aka yi wa taron 'yan Arewa mazauna Ikko da kewayenta

Na gode muku da kuka rufe rumfunanku, kuka ajiye sana'o'inku, kuka zo sauraron wannan ɗan bayani, alhali kuwa na san a garin nan sa'a guda ma kuɗi ce.

An roƙe ni in yi magana a kan yadda ake sasanta rigimar da kan taso idan hukuma ta tashi yin wani babban aiki na jama'a, kamar hanya ko gada ko madatsar ruwa. To, ni mutumin Dapchi ne, cikin ƙasar Bursari ta Jihar Yobe. Duniya ta san sunan garinmu ne ta hanyar abin baƙin cikin da ya sami 'yan makarantarmu mata a watan Fabrairu na 2018, amma yau wata maganar ce ta kawo ni. Maganar ruwa ce, wadda ta shafi Dapchi da Gashuwa da Nguru, ta kuma shafi aljihun yawancin waɗanda ke zaune a nan. Duk mai sayar da bandar kifi a Ikko ko Badun ko Anaca, da mai sauke tattasai da albasa da tumatir a kasuwar Mile 12, da mai kawo shanu, da ruwan nan yake cin abinci, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari in fara zana muku ƙasar, don wanda bai san ta ba. Kogin Kano da Kogin Chalawa suna haɗuwa kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauci da ta Katagum. Da waɗannan koguna biyu suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, sai su rarrabu rassa rassa, su bazu cikin fadamu, kana su sake tattaruwa wajejen Gashuwa su zama Kogin Yobe. Shi ne ke wucewa ta Gaidam, ya zama iyaka tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar, ya bi ta Difa har ya faɗa Tafkin Cadi. Namu na Dapchi shi ne Komadugu Gana, wanda ke biyowa ta Misau, ya je ya sadu da babban can wajejen Damasak. Jihohi shida ke da rabo a wannan ruwa: Filato, Bauci, Kano, Jigawa, Yobe da Barno.

Iyayenmu sun daɗe da tsarin cin moriyar wannan ruwa ba tare da takarda ba. Idan damina ta yi nisa, cikin watan Agusta da Satumba, ambaliya kan zo ta rufe fadama, ta tarar an riga an shuka shinkafa tana jiranta. Kifi ya bi ruwan ya shiga ciyayi ya hayayyafa, masunta su samu. Ruwa na ja da baya, manomi na binsa da wake da sauran shuke-shuken raɓa. In an kawar da amfani, Bafulatani ya sauko da shanunsa su ci ciyawar fadama har rani ya wuce. Ruwan da ya nutse cikin ƙasa kuwa shi ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ba su ko ganin kogin. Fili ɗaya ke nan yana ciyar da mutum uku a shekara, kowa da lokacinsa. In saɓani ya taso, akwai bulama, akwai lawan, akwai sarkin ruwa da arɗo, a zauna a gindin itace a raba gardama. Ban ce ba a faɗa a wancan zamani ba. Ana yi, amma wanda ya ɓata maka rai kana ganinsa da ido, kun kuma san gaban wanda za ku je.

Abin da ya sauya shi ne, sai aka wayi gari mai iko da ruwan yana can nesa, inda bulama ba ya iya aika masa sammaci. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974. Madatsar Chalawa, wadda ke ƙasar Ƙaraye, aka gama ta a 1992. Ina so ku ji ni da kyau a nan, domin ban zo zagin kowa ba. Waɗanda suka gina Tiga sun gina ta ne da idonsu a kan fari da yunwar farkon shekarun 1970, kuma ta yi amfani. Da ruwan madatsun nan birnin Kano ke sha. Da na Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma tumatirin da wasunku ke saukewa kowace asuba daga can yake fitowa. Haka kuma aikin noman rani na kwarin Haɗeja, wajejen Auyo, ya rufa wa dubban gidaje asiri. Aibin guda ne: an yi lissafin abin da na sama zai samu, ba a yi lissafin abin da na ƙasa zai rasa ba, ba a kuma kira shi an tambaye shi ba.

Daɗin daɗawa, da aka kafa hukumomin raya koguna a shekarun 1970, sai aka raba kogi ɗaya tsakanin hukuma biyu. Sama tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedkwata a Kano, ƙasa kuma tana hannun Hukumar Raya Yankin Tafkin Cadi da ke Maiduguri. Wanda ke riƙe da makullin madatsa daban, wanda talakan Gashuwa zai kai wa kuka daban.

Sakamakon ya zo hawa biyu, kuma na biyun ne ya ba kowa mamaki. Da fari dai ambaliya ta ragu. A ƙarshen shekarun 1960 ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadamun Haɗeja da Nguru. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 bai kai rabin haka ba a yawancin shekaru. Gaskiya ce farin 1983 da 1984 yana da nasa kaso a ciki, kuma na sama sun daɗe suna fakewa da wannan. Amma masana da suka yi aiki da shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru, wanda aka fara a 1987, sun auna abin da fadama ke bayarwa na shinkafa da kifi da itace, suka gwada da abin da noman ranin Kano ke bayarwa, suka tarar cewa in aka bi gwargwadon ruwan da kowanne ke sha, fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba. Wato an ɗauke ruwa daga inda yake haihuwa da yawa.

Hawa na biyu shi ne kacala. Da can kogin kan bushe da rani, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro a cikinsa, ambaliya mai ƙarfi ta zo ta share yashi da laka. Da madatsun suka fara sakin ruwa kaɗan kaɗan duk shekara, saboda noman rani da ruwan sha, sai hanyoyin ruwa suka daina bushewa, ƙarfin da zai wanke su kuma babu. Kacala ta samu gidan zama. Ta toshe tsohuwar hanyar Kogin Haɗeja, ta cushe Burum Gana, sai ruwa ya karkata ya bi Marma ya nufi tafkin Nguru. Ku dubi wannan abin al'ajabi: mutanen gefen Nguru suna kukan ruwa ya cinye gonakinsu da gidajensu, har hanyar mota tsakanin Nguru da Haɗeja ta sha yankewa, alhali 'yan'uwansu da ke kan ɗaya reshen suna kukan ƙishirwa. Cikin kacalar nan kuma jan-baki ke kwana, ya tashi da safe ya sauka a kan shinkafa da gero. Kwalekwale ba ya ratsa ta, taru ba ya shiga, sauro kuwa sai abin da ya ƙaru.

To, idan ruwa ya zama haka, me kuke zato talaka zai yi? Kowane ƙauye ya ɗauki fartanya da shebur ya shiga gyaran kogi da kansa. Wannan ya haƙa 'yar hanya ya ja ruwa zuwa gonarsa, wancan ya cika buhuna da yashi ya tare don kada ya cinye shi, na gaba su zo da dare su fasa. Makiyayi ya iso ya tarar burtalinsa ya zama gona ko ya zama tafki, ya kutsa ta inda ya samu. Ni da kaina na ga dattawa biyu, surukan juna, sun shekara ba sa gaisawa saboda wata 'yar magudanar da yaro zai iya tsallakewa. Kowannensu yana da gaskiya, kuma babu ɗayansu da ya taɓa ganin Tiga da idonsa.

Kafin in faɗi yadda aka zauna, bari in tuna muku abin da kan faru in an ƙi zama. Dattawan cikinmu ba su manta da Bakolori ba. An gina madatsa a kan Kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka karɓe gonakin mutane, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Madatsar tana nan, jinin kuma bai goge daga sunanta ba.

A ƙasarmu Allah ya kiyaye, ba a kai ga haka ba, kuma ina ganin dalili shi ne an sami waɗanda suka nace sai an zauna. A 1993 aka yi taro a Kuru, kusa da Jos, inda hukumomin ruwa da masana da wakilan jihohi suka amince cewa ya kamata a riƙa sakin ruwa daga Tiga da Chalawa da damina, don a mayar wa fadama wani abu na ambaliyarta. Shawara ce mai kyau, sai dai ƙofofin Tiga ba a yi su don sakin ruwa mai yawa a lokaci guda ba, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin tabbatar da an cika alkawarin. Duk da haka ranar ce na sama ya fara furtawa da bakinsa cewa na ƙasa yana da haƙƙi. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin fadamun duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, su ne na farko a Nijeriya, sai idon ƙasashen waje ya ƙara dawowa kanmu.

Babban aikin an yi shi ne daga farkon shekarun 2000. Wani shiri da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa ya bi ƙauyuka yana tara masunta da manoma da makiyaya, Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya kuma ta haɗa kai da ƙungiyar kare muhalli ta duniya, IUCN, da takwararta ta Nijeriya. A nan nake so in daɗe kaɗan, domin yadda suka bi da abin ya fi abin da suka rubuta muhimmanci.

Ba su fara da tambayar wa ke da laifi ba, don sun san in aka fara da nan taro ya watse. Sun fara da ƙidayar ruwa: nawa ke sauka a shekara, nawa birnin Kano ke sha, nawa noman rani ke ɗauka, nawa rana ke shanyewa, nawa ke isa Gashuwa. Dalili kuwa, shekara da shekaru kowace jiha da nata lissafin take zuwa taro, kuma mutum biyu ba sa ciniki in kowa da mudunsa. Da aka yarda da mudu ɗaya, rabin gardamar ta mutu da kanta. Bayan haka aka riƙa ɗaukar mutanen sama a kai su ƙasa, a ɗauki na ƙasa a kai su sama. Injiniyan da ya shekara ashirin yana buɗe ƙofar madatsa ya shiga kwalekwale ya ga kacala ta fi shi tsawo. Masuncin Bade ya je ya ga manomin Kura talaka ne kamarsa, ba wani ɓarawon ruwa ba. Sannan aka nemi aikin da kowa zai ci riba a cikinsa aka fara da shi, wato share hanyoyin ruwa. Mai kukan ambaliya yana so a buɗe, mai kukan ƙishirwa yana so a buɗe, sai ƙauyukan da da ba sa ga maciji suka fito gayya da lauje da adda, hukuma ta taimaka da injin haƙa inda hannu ya kasa. Inda aka buɗe, ruwa ya koma wuraren da ya shekara da shekaru bai je ba.

Da talakawa suka riga suka shirya a ƙasa, sai zaman manya ya zo da sauƙi. A watan Yuni na 2006, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo da Gwamna Bukar Abba Ibrahim na Yobe, aka yi taron ƙoli a Damaturu, inda jihohin nan shida da Gwamnatin Tarayya suka amince da tsari guda na kula da kogin tun daga tushensa har bakin Cadi. Suka kuma kafa asusun amana na Haɗeja, Jama'are, Komadugu da Yobe, mai ofis a Damaturu, kowace jiha ta yi alkawarin zuba kasonta, Tarayya ta ƙara nata. Daga baya aka tsara yarjejeniyar rabon ruwa wadda ta bayyana haƙƙin kowa da abin da ke kansa.

Kada in yi muku daɗin baki, 'yan'uwa. Takarda ba ta sare kacala, kuma kacala ba ta san an sa hannu a Damaturu ba. In aka share ta bana, aka yi sakaci baɗi, ta dawo. Gwamnonin da ke kan mulki a 2006 duk sun sauka, waɗanda suka gaje su kuma kowa da abin da ya dame shi. Rikicin Boko Haram ya zo ya hana ma'aikata shiga wurare da dama na gabashin kogin, ya kuma janye kuɗi da hankalin hukuma. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna mana cewa hanyoyin ruwan ba su gama buɗewa ba. Abin da aka samu na ainihi shi ne wurin zama, da mudun awo, da sanin juna. Ni a ganina ba ƙaramin abu ba ne, amma bai kai a ce an gama ba.

Inda za a gwada ƙarfin wannan zama shi ne Kafin Zaki. Wannan madatsa ce da aka daɗe ana son ginawa a ƙasar Ningi ta Jihar Bauci, a kan ruwan da ke zama Kogin Jama'are. An ba da kwangilarta a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka soke a 1984, aka farfaɗo da ita a 1992, aka sake tsayar da ita a 1994. An tsara ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 2,700, wato fiye da Tiga, ta kuma shayar da gonaki hekta 120,000. Mutanen Bauci suna da hujja: ruwan a ƙasarsu yake wucewa, matasansu ba su da aikin yi, sun kuma ga abin da Tiga ta yi wa Kano. Mu ma muna da tamu: tun da aka tare Kogin Haɗeja, yawancin ruwan da ke isa Gashuwa na Jama'are ne, shi kaɗai ya rage da ke zuwa da ambaliyarsa yadda Allah ya halitta shi. In aka tare shi ba da sharaɗi ba, shinkafar Bade da kifin Gashuwa da tattasan Gaidam da Difa duk suna cikin haɗari. A 2009 Sanata Ahmad Lawan, ɗan Gashuwa, ya tsaya a kan kada a gina, wakilan Bauci kuma suka tsaya a kan a gina. Gwamnatocin Yobe da Barno su ma suka nuna rashin yardarsu. Har yanzu ba a gina ta ba, ba a kuma binne maganar ba. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato sai ta ɗago kai.

Ra'ayina a nan, kuma na san wasu 'yan garinmu ba za su ji daɗinsa ba, shi ne cewa "ba mu yarda ba" kaɗai ba za ta tsare mu har abada ba. Wata rana za a sami gwamnatin da ke da kuɗi da ƙarfin hali ta gina, in kuwa ba mu shiga an yi ciniki da mu ba, za a gina ta yadda aka gina Tiga. Gara tun yanzu a san abin da za a ɗora a kan tabarma. A rage girmanta in lissafi ya nuna haka. A yi mata ƙofofi manya da za su iya sakin ambaliya a watan Agusta, don kuskuren Tiga ke nan, kuma ba a gyara shi bayan an zuba kankare. A rubuta adadin ruwan da dole ya wuce gadar Gashuwa kowace shekara, a kafa ma'auni a wurin wanda kowa zai iya zuwa ya karanta. A sa wakilan Yobe da Barno da Jigawa cikin waɗanda ke yanke ranar buɗewa da rufewa. A biya mutanen Ningi da ruwa zai tasa diyyarsu kafin a tashe su. Kada kuma a manta da Nijar, domin tun 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri a kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai bisa adalci, kuma Komadugu Yobe na cikinsu. In Bauci ta karɓi waɗannan, an sami abin tattaunawa. In ta ƙi, duniya ta ga wanda ya ƙi.

Ku kuwa da ke nan Kudu, kun fi kowa sanin wannan karatu, domin kullum a cikinsa kuke. Sau nawa aka ce za a tashi kasuwa ko mayanka ko tashar mota don a faɗaɗa hanya, Sarkin Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa suka yi ta sintiri tsakanin fadar mai gari da sakatariya har aka sami matsaya? Kun kuma ga abin da ya auku a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021, da ƙaramar magana ta rasa mai tare ta da wuri. Abin da nake roƙo shi ne ku juya wannan gwanintar ta fuskanci gida. Ƙungiyoyinku na masu kifi da masu gwari da masu shanu suna da kuɗi, suna da murya, kuma cikinsu akwai ɗan Kura da ɗan Ningi da ɗan Haɗeja da ɗan Gashuwa suna cin tuwo a kwano ɗaya, abin da ba a cika samu a can gida ba. Ku zauna ku fitar da matsaya guda a kan Kafin Zaki da kan share kacala, ku rubuta, ku aika wa 'yan majalisarku na jihohin shida da ofishin asusun amana na Damaturu. Wanda zai je gida da Salla, ya tambayi shugaban ƙaramar hukumarsa yaushe aka share hanyar ruwan garinsu, nawa aka kashe, wa ya yi aikin. Ya dawo ya faɗa mana a taro na gaba.

Ranka ya daɗe, na ga ladan ya miƙe. Sauran tambayoyi sai bayan salla.